Neman Fataka Marar Harafi

Na sha wahala a tafiyar nan, kuma ba wanda ya aike ni. Kwana biyu ce kacal, amma har yanzu in zan sunkuya sai na dafa bango. Masu tare ni a bakin shago suna tambayar ina na shiga, ga shi na rubuta, ku karanta ku bar ni in huta.

Sunana Bukar, gyaran agogo nake yi kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. Babana Babarbare ne, aikin reluwe ya kawo shi garin nan. Ya rasu ya bar ni da tsage a fuska da gwangwanin tsofaffin kuɗi, daga nan ciwon tara su ya kama ni. Ina da taro da sisi da sule na farar azurfa, akwai mai hoton tsohuwa da mayafi, da mai sarki mai sanƙo, da mai sarki mai gemu. Ina da manyan liyari, tsofaffin kuɗin azurfan nan masu faɗi. Guda ɗaya ce ta gagare ni. Akwai fataka, wato sule biyu, mai itacen kwakwa a baya. A gindin itacen akan ga wani ɗan harafi kamar ƙwayar gero. To akwai ta wata shekara da aka buga babu harafin. Ita nake nema shekara goma sha biyu.

Mista Yohanna, tsohon hedimasta a Fadan Kagoma, yana da ita, kuma ba ya bari in manta. Shi ne ya kira ni a waya ya ce wata tsohuwar Bafulatana mai kai musu nono ta taɓa nuna masa jakar tsofaffin kuɗinta, ya ga irinta a ciki, ko huda babu.

Ranar Talata: Kafanchan zuwa Fadan Kagoma

Na fita gida ƙarfe biyar da minti ashirin, daga masallaci ban koma ba. Na sa babbar rigata ta Juma'a, na ɗaure liyari biyu a cikin safa don musaya, na ɗauki gilashin da nake maƙalawa a ido in zan duba cikin agogo. Mota ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Naira dubu ɗaya, mu huɗu a baya, da wata mata da buhun doya a cinyata, ba a cinyarta ba.

A shingen farko soja ya leƙo ya ce in kwance safa.

"Baba, wannan kuɗin ai ya yi esfaya tun kafin a haifi babana."

"Shi ya sa nake son sa."

"Yaya aka yi ka san ba gwangwani ba ne?"

Da na yi shiru da mun wuce. Sai na ɗora liyari a kan yatsa na ƙwanƙwasa shi da ɗan'uwansa. Azurfa ta gaskiya kuka take yi mai tsawo, ta jabu kuwa fat take cewa ta yi shiru. Sojan ya kira abokinsa ya zo ya ji. Abokin ya kira wani. Minti ashirin muka yi a wurin. Da muka tashi direba ya ce, "Malam, in mun iso shinge na gaba, ka ce kwaɗo ne a safar."

Takwas da rabi na isa gidan Mista Yohanna. Na same shi a baranda, ƙafa ɗaya a kan kujera saboda ciwon gwiwa.

"Malam Bukar, ka yi latti. Matan mai nono ya tashi. Sati biyu ke nan sun kwashe shanu sun koma Ladduga, ta wajen Kachia."

"Ticha, jiya fa muka yi waya."

"Ba ka yi tambaya ba. Zauna, madam ya dafa gwate."

Na sha gwaten acca kwano biyu, don haushi ba ya hana ni ci. Ina ci ya ɗauko tasa fatakar a cikin auduga ya nuna mini, karo na nawa ban sani ba. Ya ce sunan tsohuwar Hurera, ɗanta Buba. Da zan fita ya ɗaga yatsa kamar yana aji.

"Ka tuna rul namba wan. Mai huda ba kwain ba ne, ɗan kunne ne. In ka kawo mai huda, ba zan sa sunanka a littafina na masu irin wannan fataka ba. Ubangiji ya kiyaye hanya."

Kwoi zuwa Kachia

Daga Kagoma zuwa Kwoi naira ɗari bakwai, minti ashirin da biyar. A Kwoi na zauna a tasha daga goma da kwata har sha biyu. Zuwa Kachia dubu biyu da ɗari biyar. Motar ta mutu sau biyu, a na biyun mu muka tura, ni da babbar riga. Wani fasto da ke gefena ya ce in dage, lada ne. Na ce masa ni na biya kuɗin zama ne.

Huɗu saura minti ashirin muka shiga Kachia. 'Yan acaba suka ce ba mai shiga Ladduga da yamma, ko nawa zan bayar. Na nemi wani Alhaji mai sayen citta da na taɓa gyara wa agogon bango, ya sauke ni a ɗakin ajiyarsa, tsakanin buhunan busasshiyar citta. Na ci doya da ƙwai na dubu ɗaya da ɗari biyu. Maganar barci kuwa, atishawa na yi har asuba. Mura dai ba za ta sake kama ni bana ba.

Ranar Laraba: Ladduga

Shida da rabi na hau mota zuwa mararrabar da ake sauka, daga nan acaba dubu uku. Awa ɗaya da minti goma muna tsallen kwazazzabai. Ruga uku muka tsaya tambaya, kowa ya nuna gaba da baki ya ce nan kusa ne. Tara ta wuce muka sami rugar Buba.

Buba dogo ne, zai yi shekara arba'in. Ya shimfiɗa mini tabarma a gindin ɗorawa, aka kawo nono a ƙwarya. Muka gaisa, ya tambayi gida, na tambayi shanu, muka sake daga farko. Sai ya ce wurin wa na zo.

"Wurin Hurera."

Ya dubi ƙasa. Wasu dattawa biyu da ke zaune su ma suka dubi ƙasa. Daga baya na ji tun rasuwar mijinta ba wanda ya kama sunan nan da ƙarfi a rugar, Inna ake ce mata. Ni ban sani ba. Na kwance safa na jera liyari biyu a gaban Buba, na ce daga Kafanchan nake, kwana na yi a hanya saboda ita, kuma in wannan bai isa ba zan ƙaro.

Buba ya tashi ya bar wurin. Dattawan suka matso.

"Shanunka nawa?"

"Ba ni da ko akuya."

"Mata fa?"

"Ɗaya. Ita ma da ƙyar."

"Ta san ka zo?"

"Ta sani. Cewa ta yi girma ya kama ni amma hankali bai iso ba."

Suka gyaɗa kai, suka yi magana da Fulatanci. Ɗayan ya tambaya ko kafa bukka a nan zan yi, ko tafiya da ita zan yi birni. A nan ne na gane inda aka dosa. Baƙo da babbar riga, ya kama sunan bazawara, ya ajiye azurfa gaban ɗanta. Ni ma da ni ne haka zan ɗauka.

Ina neman bakin bayani sai murya ta fito daga bayan zana.

"Ku bar shi, na ga fuskarsa. Tsage tara. Yo ni da tsufana, da haƙorina huɗu, bawanmu zan aura?"

Kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Na ce, "Inna, mu ba ma auren masu bin wutsiyar saniya. Kuɗinki na zo gani."

"Aradu gara haka. Babarbare da kuɗi, kamar ƙuda da nono."

Ta fito, 'yar ƙarama, kitsonta duk sule ne. Dattawan suka yi dariya har ɗaya ya shaƙe. Buba ya dawo, amma har na bar rugar bai haɗa ido da ni ba.

Ta zazzage wata jakar fata a kan faifai. Sun fi talatin. Yawanci masu huda ne. Akwai jajaye na tagulla da aka buga bayan an daina azurfa, na ware su gefe. Akwai wata da na ƙwanƙwasa ta ce fat, dalma ce, wani ya cuci kakarta tun zamanin Turawa. Na gaya mata, ta ce ai ta sani, wani mai irin fuskata ne ya ba su. Can ƙasa na gan ta. Baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, ba huda, gemun sarki gashi-gashi ana gani. Na maƙala gilashi a ido na juya ta. Shekarar ce. Gindin itacen kwakwa wayam, ba harafi. Sau uku na duba.

"Manya biyu za ka bayar ka ɗauki wannan 'yar baƙar?"

"E."

"Ku shaida, ban tilasta shi ba. Haka Allah ya yi su."

Na miƙa hannu zan sa a aljihu ta buge mini yatsa. Ta ce baƙo ba ya cusa abu a aljihu bai ci abincin gida ba, in ba ɓarawo ba. Buba ya ja ni muka yi azahar, aka kawo tuwon masara da man shanu. Ina ci ina jin ana ƙwanƙwasa wani abu a bayan bukka. Na ɗauka turken maraƙi ake kafawa.

Biyu da kwata ɗan acaba ya dawo ɗaukata. Inna ta fito da hannu a sama, wani abu yana lilo a baƙin zare, yana walƙiya har yana kashe ido.

"Ungo. Na wanke ta da toka da tsamiya, ba za ka je ka ce Fulani sun ba ka dauɗa ba. Kuma ba ta da huda, shi ya sa ta yi shekaru a jaka ba ta da amfani. Na huda maka da ƙusa. Ban taɓa kan mutumin ba, babba ne, ga hularsa. Ta ƙasa na huda."

Na karɓa. Ban ma bukaci gilashi ba. Ƙusar ta shiga ta ƙirjin sarki ta fita daidai gindin itacen kwakwa. Inda ake duba harafi, yanzu in ka duba sararin sama za ka gani.

"Ba ta yi kyau ba?"

Tana tsaye da toka har gwiwar hannu, babban yatsanta yana jini inda dutse ya same shi. Me zan ce?

"Ta yi kyau, Inna. Na gode."

"Ba kai za ka gode ba, ta matarka ce. Ka ce mata uwargijiyarku ta aiko, ladan haƙuri da kai."

Komawa gida

Ta Zonkwa na biyo, dubu biyu, daga nan dubu ɗaya da ɗari biyar zuwa Kafanchan. Mun wuce Fadan Kaje shida saura kwata. A shinge soja ya ce me na ɗauko, na ce ba komai, kuma ban yi ƙarya sosai ba. Bakwai da minti goma na yi sallama a gida.

Talatu matata ta ga zare yana leƙowa daga aljihu ta jawo. Na isar da saƙon Inna yadda aka ba ni. Nan take ta ɗaura a wuya ta ɗauko madubi.

"Shekara ashirin da shida kana tara baƙin ƙarfe a gidan nan, yau ka kawo mai amfani."

Na kira Mista Yohanna na gaya masa komai. Ya yi dariya har na ji madam tana tambaya ko lafiya. Na ce na rantse na gani da idona kafin a huda, ba harafi. Ya ce ido ba ebidens ba ne, amma in kawo ya duba bakin hudar da gilashinsa, in ba ragowar ƙafar harafi, zai yi tunanin sa sunana a littafin. Na ce wa Talatu ta ciro in kai a duba. Ta ce kyauta ce aka aiko mata da sunanta, inda fatakar za ta, wuyanta ma can za shi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da ƙafafuna. Na gode wa Alhaji mai citta, da madam mai gwate, da Buba da na ba kunya a gidansa. Inna ma na gode mata, Allah ya warkar da yatsan.

Washegari ban buɗe shago ba. Ƙarfe shida na tasa Talatu gaba zuwa tasha, na biya kuɗin mutum biyu zuwa Fadan Kagoma.