Wayar da nake ara wa Liman

Ba a Lambara aka haife ni ba. Na zo ne da matata da buhu ɗaya, bayan an ƙone garinmu. Ba na son wannan maganar. Limamin unguwa ne ya tsaya mini har aka ba ni aron fadama, na dasa albasa. Albarkacinsa nake zaune a garin.

A shekara ta uku albasa ta yi kyau, na sayi babbar waya. Liman yakan aiko a karɓa bayan La'asar, ya saurari tafsiri a wani shafi. Wata rana yana danna karatun sai hoton mace tsirara ya faɗo, ga dattawa biyu a gefensa. Ya aiko mini da wayar, babu saƙo. Kwana shida bai sake nema ba. A masallaci gaisuwa ta fara gajarta. Na san in ya janye hannunsa daga kaina, fadamar ma za ta tafi.

Ran kasuwa na hau mota zuwa Bodinga, wajen taubashina, ɗan kawuna, mai gyaran waya.

"A'a, sarkin albasa! Warinka ya riga ka isowa. Mi ka ɓata?"

"Wagga aba ta kunyata ni gaban Liman."

Da ya ji labarin sai da ya riƙe ciki don dariya. "To kai mi kaka kallo in uwargida ta tai rijiya?"

"In na mare ka sai ka sani."

Ya daina. Ya ce duk shafin da za a buɗe, sai waya ta tambayi wani ɗan jagora hanya. Sunansa DNS. Wanda ke zuwa tare da layin waya kowane gida aka tambaya nunawa yake, kuma na kan hanya suna jin tambayar. Akwai wanda ake yi wa tambaya a rufe, shi kuma ba ya nuna gidan banza. Ya buɗe shuɗiyar burauza, abin da ake shiga intanet da shi, ya shiga saiti, wajen tsaro, ya kunna, ya sa wani dogon adireshi. Ya rubuta mini shi a bayan kwali. Ya ce ba komai yake tarewa ba, amma yakan tare da yawa.

Washegari na kai wa Liman da kaina. Na durƙusa.

"Allah shi gafarta Malam, an gyara."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya karɓa. Ya danna jar burauza, wadda ya saba da ita. Karatu ya fara. Hoton ya sake faɗowa.

Na taɓa gudu cikin dawa da harsashi a bayana. Ban ji abin da na ji a wannan zauren ba. Amma ban tashi ba. Na kira taubashina, na buɗe muryar wayar Liman yana ji, na ce hoton ya dawo.

"Wace ya danna?"

"Ja."

"Kai, baƙauye! Shuɗiya na gyara. Kowace da nata saitin. Kwalin na wurinka?"

Yana aljihuna. Sai dai ni ban yi boko ba, Liman ma haka. Liman ya miƙo hannu.

"Kawo in gani."

Shi mutum ne da ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa, idonsa ya san siffar harafi. Ya riƙe kwalin, ni na riƙe waya, taubashina yana gaya mana inda za mu shiga.

"Nemo mai kama da kujera," in ji Liman. "Sai guda biyu masu kama da lauje an gitta musu kara."

Haka muka bi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu na kuskure, ya ce in goge. Da muka gama ya danna karatun. Muka jira. Karatu kawai.

Ya saurara har ƙarshen aya, sannan ya ce, "Ashe ƙazantar daga hanya take shigowa."

"Eh, Allah shi gafarta Malam."

"Na zarge ka a zuciyata. Ka yafe mini. Dattawan nan ni zan yi musu bayani."

Na gyaɗa kai.

Ya tashi ya sa takalmi, ya ce in ɗauko kwalin in biyo shi gidan ƙanensa, matan gidan sun yi sabuwar waya.