Jakar Yashin da Na Tokare Ƙofa da Ita

Shekarun baya, lokacin da nake aikin walda a wani kamfanin roba a Sharada, akwai wani dattijo da muke aiki tare. Shi ne mai kula da sikelin da ake auna manyan motoci a bakin get. Malam nake ce masa, shi kuma yana ce mini Injiniya don tsokana, alhali ya san ko sakandare ban gama ba.

Malam yana da wata sha'awa da duk kamfanin ake yi masa dariya a kanta. Madubin hangen nesa yake so ya haɗa da hannunsa, irin wanda ake kallon wata da shi. Ya samo gilashi mai kauri, faɗin inci shida, duk ranar Lahadi yana goga shi a kan durom a tsakar gidansa da ke Challawa, har tsakiyarsa ta lotsa kamar faranti. Wata tara ya yi yana wannan guga kafin ya aika a shafa masa abin da ke mayar da gilashi madubi. Kuma a lokacin ciwon suga ya fara cin idonsa. Na hagu ya tafi, na dama ne ya rage, shi ma likita ya ce kada ya sa rai da yawa.

Wata rana bayan azahar ya same ni da takarda. Bututu yake so na fallen ƙarfe marar nauyi, tsawon ƙafa huɗu. Madubin zai zauna a gindinsa, a leƙa ta gefe daga can sama. Sai kunnuwa biyu da zan liƙa wa bututun, waɗanda zai riƙa juyawa a kansu, da gajerun ƙafafu da za su ɗauke shi. Daga nan ya miƙo mini wata 'yar jaka cike da yashi.

Ya ce, "Nauyinta ɗaya da madubin, na auna. Ka sa ta a gindin bututun, ka ɗora shi a kan sanda, ka yi ta matsarwa. Inda ya tsaya bai rinjaya ba, nan za ka sa kunnuwan. Kada ka auna da tef."

Na ce, "Haba Malam, ƙofofi nawa na rataya a garin nan? Ku bar mini kawai."

Ya ce, "To Injiniya, wannan dai ba ƙofa ba ce."

A gaskiya maganar ta sosa mini rai. Mai rubuta nauyin mota ne zai koya mini ƙarfe? Na ajiye jakar a gefe. Da iska ta dame ni da bugun ƙofar shago, na jawo ta na tokare. Ranar da zan yi aikin na ɗauko tef, na raba bututun biyu daidai, na yi alama da alli, na liƙa kunnuwan a tsakiya. Ƙafafun kuwa na yi su gajeru yadda ya zana. Na ɗora bututun babu komai a cikinsa, ya tsaya cak kamar an ce kada ya motsa. Har fenti na yi masa, ina jin daɗin kaina.

Ranar Lahadi da yamma na kai masa a a-daidaita-sahu. Wata ya kwana biyar, tun rana ba ta faɗi ba ana ganinsa fari-fari. Malam ya fito da madubin a naɗe cikin tsohon rawani. Da yake ba ya ganin ƙananan kusoshi sosai, ni na ɗaura shi a gindin bututun. Ina sakin hannu na ji gindin yana janyewa ƙasa da ƙarfi. Na dubi tsawon gindin, na dubi gajartar ƙafafun, na gane idan ya tafi babu abin da zai tare shi sai siminti.

Nan ne laifina na gaske. Da na ce, "Malam, na yi kuskure, a ba ni kwana biyu," da shi ke nan. Amma maƙwabtansa biyu suna zaune a kan benci suna jiran kallo, 'yarsa ta leƙo daga ɗaki. Sai na zaro sifana na ɗaure notunan kunnuwan tamau, har bututun ya ƙame a kwance.

Malam ya tambaye ni, "Yashin ya yi maka amfani?"

Na ce, "Sosai ma."

Ya sa ido ya hango tankin ruwan wani kamfani can nesa, ya yi dariya ya ce ga shi nan a kife, haka irin wannan madubi yake nuna abu. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce to a nuna musu watan, ko a biya su zaman benci. Malam ya kama bututun zai ɗaga bakinsa sama, ya ƙi motsi.

Ya ce, "Injiniya, ai ka ɗaure shi kamar ɓarawon akuya. Miƙo sifanar."

Na miƙa masa. Wallahi da hannuna na miƙa masa. Na yi niyyar in zagaya in riƙe gindin, amma kafin in yi taku biyu ya sassauta notunan. Gindin ya tafi ya daki siminti. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an ajiye kofi da ƙarfi ne. Da muka kwance, madubin ya rabu gida uku.

Malam ya zauna a ƙasa yana shafa gutsattsarin. Ya yi salati, sannan ya ɗaga hannunsa na dama yana dubawa da ragowar idonsa. Ya ce, "Ni na sake shi. Ashe ba ido kaɗai ne ya tafi ba, har da hannu." Maƙwabtan suka yi ta ba shi haƙuri, ni ma na bi sahunsu ina cewa ƙaddara ce. Har godiya ya yi mini da zan tafi, ya ce aikina ya yi kyau.

Ya so ya sake wani, amma idon bai jira shi ba. Kafin shekara ta zagayo ya bar aiki. Ni kuma na koma wani kamfani a Bompai, na mayar da nisa uzurin rashin ziyara.

Bayan kusan shekara uku na haɗu da 'yarsa a asibiti. A cikin hira ta ce tun ranar nan Baba ba ya yarda ya riƙe abin da zai fashe. Ko kofin shayi sai an ajiye masa a ƙasa. Da ta haihu aka miƙa masa jaririyar ranar suna, ya ɓoye hannuwansa a cikin riga, ya ce hannun da ya kashe aikin wata tara ba za a ba shi rai ba.

Ranar Juma'a na tafi Challawa. Na same shi a zaure, ya gane muryata tun daga sallama. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga tef har zuwa sifana.

Ya saurare ni har na gama. Can ya ce, "Yashin fa?"

Na ce, "Ƙofa na tokare da shi, Malam."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Madubi na yafe maka, gilashi ne. Shirun ma na yafe, don ina son Allah ya yafe mini nawa. Amma ka bar ni shekara uku ina zagin hannun da bai yi laifi ba."

Sai ya ɗaga murya ya ce a kawo masa jikarsa. Uwar ta fito da ita, yarinya ta riga ta yi wayo, tana gudu da ƙafarta. Ya buɗe hannuwa yana kiranta amaryata. Ta tsaya ta dube shi, ta juya ta rungume ƙafar uwarta tana kuka. Ba ta saba da hannunsa ba. Ya mayar da hannuwan kan cinyarsa a hankali, ya ce a ƙyale ta.

Malam ya rasu da damina ta gaba, Allah ya ji ƙansa. Bututun yana wurina, 'yarsa ta ba ni. Na cika wata jaka da yashi na gwada yadda ya ce, a kan sandar tsintsiya. Ko minti biyar bai ɗauke ni ba. Tsakanin inda ya tsaya da inda na liƙa kunnuwan, taƙi ɗaya ne.

Yanzu duk aikin da aka kawo mini, nakan saurari mai shi har ya gama, kuma idan na ɓata nakan faɗa tun mutum yana tsaye. Ban ce na zama mutumin kirki ba. Amma har yau idan na fito daga masallaci da magariba na ga wata ya kwana biyar, sunkuyar da kai nake yi.