Ranar da Baba Ya Taya Mini Babur

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. "Kai" nake, ko "wancan yaron", har na yi gemu. In yana da magana da ni, goggona yake faɗa wa ta kawo mini. Dillalin shanu ne a kasuwar Tsafe, kuma kowa ya san ba a yi masa wayo a ciniki. Shi ne zai kushe bijimi a gaban mai shi, har mai shi ya fara jin kunyar kiwon da ya yi.

Kafin a sami mulkin kai ina malamin gona a Bungudu, a kan keke. Sai aka buɗe gurbin mai duba kasuwannin auduga, daga Bungudu har Tsafe. Baturen gona ya ce ni ya zaɓa, amma da sharaɗi: in mallaki babur kafin a fara awon auduga, in ba haka ba a ba wani abokin aikina da ke da nasa. Na leƙa Gusau na tarar babur ɗaya tak jirgin ƙasa ya kawo wa kantin Turawa, baƙi, sai ƙyalli yake yi. Akawun kantin, mutumin Kudu mai jin Hausa, ya ce wani ba zai iso ba sai bayan kakar auduga.

Da En'e ta ba ni adibas, wato rancen sayen babur, sai na ga ya dace in fara kai wa Baba kuɗin ya sa albarka. Na durƙusa a zaure na miƙa masa. Ya karɓa, ya yi addu'a, ya zura su a aljihun rigarsa, ya dubi bango ya ce, "Gobe ni ka zuwa da kaina. Ba su cutar min yaro ina da rai."

Wallahi daɗi na fara ji. Tun da aka haife ni bai taɓa raka ni ko bakin ƙofa ba. Sai da muka hau mota na tuna kanti ba kasuwa ba ne. An rataya farashi a jikin babur ɗin, kuma daga Ikko aka yanko shi. Amma da wane baki zan koya wa Baba ciniki?

Mun isa da hantsi. A barandar kantin akwai wani mai sayen gyaɗa, ƙato, da jaka a hammata, yana ta kallon babur ɗin. Akawu ya ce masa ya dakata, ni na riga shi magana.

Baba ya zagaya babur ɗin kamar yadda yake zagaya bijimi. Ya daki sirdin da tafin hannu, ya matsa taya, ya leƙa ƙarƙashi, ya taɓe baki.

"Wanga abu bai da ƙwari," ya ce. "Dubi ƙahwahunai. Nawa kac ce?"

Akawu ya nuna masa farashin, ya faɗa masa da baki. Baba ya yi dariya, ya taya rabi.

"Baba, ba a tayi a nan," in ji akawu cikin ladabi. "Ko Baturen kantin ba ya iya rage kwabo."

Na san gaskiya ya faɗa. Shi kuwa Baba ya sha jin irin wannan a bakin Fulani, kuma duk sun sallama daga baya. Ya ɗan ƙara. Akawu ya girgiza kai. Ya sake ƙarawa, ya haɗa da tambayar lafiyar iyalin akawu da garinsu.  Na matso na ce a hankali, "Baba, ai kuɗin sun isa."

Ko kallona bai yi ba. Ɗaga hannu kawai ya yi, na koma baya. Ɗa ba ya tsoma baki uba na ciniki, balle ɗan fari, balle a gaban baƙi. Haushi ya cika ni har wuya, ba haushinsa kaɗai ba, har da na kaina da na akawu da na wanda ya ƙirƙiro kanti. Ga babur, ga kuɗina taku ɗaya da ni, amma ba ni da ikon taɓa ko ɗaya.

Daga nan ya fito da babban makaminsa, wanda bai taɓa ba shi kunya a Tsafe ba. Ya gyara riga ya ce, "Allah shi kawo kasuwa. Kai, mu tahi."

Ka'idar abin ita ce ka tafi a hankali, kada ka waiwaya. Kafin ka yi nisa mai kaya zai aiko a kira ka, ya ce kawo kuɗi. Muka sauka daga baranda, muka bi titin da ya nufi tasha, yana gaba ina baya.  A gindin wata bishiyar maina ya tsaya, ya juya wa kantin baya, yana ta gyaran rawanin da babu abin da ya same shi.

"Duba min," ya ce. "An taso?"

Na waiwaya. Akawu na tsaye a ƙofa yana kallonmu, ya buɗe hannuwa kamar mai tambaya. Na kasa ko ɗaga masa yatsa. Sai na ga mai gyaɗa ya sauke jakarsa daga hammata ya shige ciki.

"Tukuna, Baba."

"Suna tasowa. Yi haƙuri kaɗan."

Murmushi yake yi. Ban taɓa ganin ya yi murmushi a kan abin da ya shafe ni ba, sai ranar. Ya sake tambaya, na sake cewa tukuna, alhali ina kallon ana turo babur ɗin waje, ana zuba masa mai. A nan na san aikin auduga ya wuce ni, kuma haka aka yi, na ƙara shekaru a Bungudu ina tuƙa kekena.

Aka tayar da injin. Ƙarar ta taho ta bayanmu, ta wuce ta gabanmu, mai gyaɗa a kai yana tangal-tangal. Baba ba ya manta abin da ya taɓa tayawa. Ya bi shi da ido har ya sha kwana, murmushin ya gushe.

"Shi na?"

"Shi ne, Baba."

 Ya sa hannu a aljihu ya ciro kuɗin, yadda na ba shi, ko kwance su bai yi ba. Ya miƙo mini. Sannan ya dube ni ido cikin ido, ya kira sunana.