Irin Mai Alli

Katangar da ta raba sashen Munkaila da na ƙanensa Alkasum gajera ce, kuma tun da ruwan bara ya ci kanta ba wanda ya sake yaɓa ta. Shi ya sa ranar nan, bayan la'asar, da Munkaila ke zaune a gindinta da takardun ƴan ajinsa a cinya da jan biro a hannu, bai kasa kunne ba. Maganar ce ta hauro ta iske shi.

Muryar Suwaiba ce, matar Alkasum, wadda shekara tara ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba ko a kan ƴaƴanta. Cewa take ita ta ɗinka ƙyallayen, ita ta kakkarya allin, ita ta ɗaure bakunan, ta kuma yi shiru don an ce mata nesa za a kai, can wajen Illela da ƙauyukan Alela inda ba ta san fuskar kowa ba. Alkasum na ta ce mata ta rage murya.

"Ba ni ragewa," in ji ta. "Har Babana? Tsohon da ya saida tunkiyarshi ya sayi wanga abu?"

Alkasum ya rantse ba shi ya sayar wa tsohon ba, a kasuwa ya saya hannun dillali, ina shi ina sanin wanda zai ɗauka. Ta ce to ya tashi yanzu ya je ya gaya masa kafin a kai ga dashen albasa. Sai Alkasum ya ce, a hankali, kamar mai yi wa yaro bayani:

"In na hwaɗa mishi, ai na hwaɗa ma Yaya ke nan."

Biron ya tsaya kan takardar wata yarinya har jan ya huda ta.

Munkaila malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a wani ƙauye da ke gabas da Galmi, shekara goma sha bakwai yana koyarwa, Mushe, wato malam, kowa ke kiransa har surukansa. Albashin irin nasu ba ya riƙe gida, kuma kowane malami ya san haka tun watan farko. Wani ya kan tashi daga aji ya hau babur ya yi kabu-kabu a Konni har magariba. Wani ya jera kwalaben mai a bakin hanya. Akwai wanda ya bar allo gaba ɗaya ya koma bin motocin kaya zuwa Kwatano, ya dawo da ciki da babbar waya, yana tambayar tsofaffin abokansa ko har yanzu suna nan suna shaƙar ƙurar alli. Munkaila ya gwada babur wata uku, ya ga ba zai iya ɗaukar uban ɗalibinsa ya miƙa hannu a biya shi ba. Sai ya juya ga abin da ya taras a gida, wato irin albasa.

Aikin na mai haƙuri ne, shekara biyu yake ci. Ranar cire albasa a zaɓi masu jan nan da ya yi duhu, masu siririn wuya, a jera su a rudu, rumbun kara mai shan iska, su sha zafin bazara da damina. Wadda ta ruɓe ta ruɓe. Wadda ta kai kaka da ƙarfinta ita ce uwa. A sare mata kai da wuƙa, a sake binne ta, ta yi fure, a tara ƴaƴan. Akwai kuma hanyar rago: wata albasar tun shekarar farko take gaggawar fidda fure, sai a bi garake, wato lambuna, a tsinke kawunan a sheƙe. Wannan irin ba ya cin wahala, ba ya tsada, kuma abin da yake haifa ita ce albasa mai kara a tsakiya, wadda ba ta kwana biyu a buhu sai ta yi ruwa. A tafin hannu kuwa duk ɗaya suke, baƙaƙe, ƙanana. Ba ido, ba hanci, ba haƙori da zai raba su. Manomi ba iri yake saye ba, mutum yake saye, sai bayan wata biyar ya san ko an cuce shi.

Munkaila yakan ƙulla nasa a shuɗin ƙyalle, ya jefa guntun alli a ciki don ya tsotse danshi. Dabara ce kawai ta mai aljihu cike da guntaye. Amma cikin shekara shida sai ta zama suna. Daga Malbaza har Dogarawa manomi zai matsa ƙulli da yatsa, in ya ji tauri a ciki ya ce na mai alli ne, ya biya ba ciniki. Da wannan ya yi rufin kwano, ya sayi injin ban ruwa. Bana ma ya karɓi aron babbar garka, ya ɓoye tulu guda na irin da ya fi kowane kyau don kansa, da niyyar in ta yi kyau ya ajiye koyarwa ya zama manomi sosai. Alkasum ne ke kai ƙullayen kasuwanni a babur. Alkasum ne kuma, watan jiya, ya roƙe shi kwalin alli wai yara su riƙa koyon rubutu a ƙofar ɗaki. Munkaila ya ba shi biyu, har yana jin daɗi ƙanensa ya fara kula da karatu.

Bai leƙa katangar ba. Ya gama gyaran takardun, ya ba yarinyar da ya huda wa takarda maki fiye da abin da ta ci. Washegari da sassafe ya bi Alkasum garka.

Ya same shi yana gyaran bakin fangali, inda ruwa ke shiga shuka, da fartanya, wando naɗe zuwa gwiwa. Munkaila ya yi ta shirya magana a hanya, amma da ya isa sai kawai ya ce ya ji abin da aka yi jiya. Ya zaci ƙanen zai musa, ko ya faɗi ƙasa ya kama ƙafarsa. Alkasum bai yi ko ɗaya ba. Ya ci gaba da jan ƙasa, ya ce tun da ya ji, to ya ji. Ya ce shekara uku ke nan masu nema sun fi irin yawa, ana biyo shi da kuɗi a hannu yana cewa ya ƙare, shi kuma Yaya ya ƙi a ƙara ko cokali daga waje. Ya ce kowa a ƙasar nan gauraya yake. Ya ce wani abokinsa a Konni ya yi masa tayin shiga jarin motar kaya, kuma irin wannan dama ba ta jiran albasa ta yi shekara biyu.

Munkaila ya tambaye shi ko ya san sunan wa ya sayar.

Nan Alkasum ya dafa fartanyar ya miƙe.

"Sunan wa? Yaya, wa aka hidda daga lakwal aji ukku don shi yi ban ruwa kai ka ci gaba? Wa ka kwana da rudu in hadari ya taso? Uwayen nan da kake sare ma kai, wa ya zaɓe su? Kai kana aji. Ka zo da yamma da farar riga ka jefa alli. Ban taɓa jin ka ce irinmu ba. Kullum irina."

 Abin da ya fi ƙona Munkaila shi ne ya laluba cikin shekara shidan nan bai samu rana guda da ya ce irinmu ba. Ya tuna yadda yake jin daɗi in tsofaffi suka miƙe masa a kasuwa, da yadda bai taɓa juyawa ya nuna mai babur ɗin da ke tsaye bayansa ba. Amma ya kuma ga wani abu a fuskar ƙanen, wanda bai yi kama da ta mai neman haƙƙi ba. Wannan magana Alkasum ya daɗe da tanadinta, ya goge ta ya ajiye, don ranar da za a kama shi. Da haƙƙinsa yake so, da ya faɗe ta tun bara, a zaure, ido da ido. Bai faɗa ba, don ranar da ya faɗa za a gyara, in an gyara kuma ba shi da sauran dalilin cuta.

Alkasum ya sassauta murya. Ya ce a bar maganar nan tsakaninsu. Zuwa bazara in albasa ta ɓaci za a ce sanyi ne bai yi ba, ko taki ne, ko tsutsa. Shekara guda ba ta kashe suna. Wanda zai tona, shi ne zai kashe shi da hannunsa.

Gaskiya ya faɗa, Munkaila ya sani. Ya yini a aji yana rubutu a allo, allin na karyewa a hannunsa.

Da aka tashi daga lakwal ya nufi garkar Malam Inusa, mahaifin Suwaiba. Tsohon na tsugune kan reno, inda ake fara shuka iri kafin dashe, irin ya tsiro kwana goma, kore shar kamar gashin jariri, yana yayyafa masa ruwa da ƙwarya. Da ya ga Munkaila ya washe baki, ya ce Mushe da kansa ya zo duba ƴaƴansa, ya zo ya gani, ko ƙwaya ba ta ƙi ba. Munkaila ya tsuguna gefensa ya gaishe shi har sau biyu, ya tambayi ƙafarsa, ya tambayi gida.

"Baba Inusa," ya ce, "a kashe wanga reno. Ba nawa ba ne."

Tsohon ya shiga aljihu ya fito da guntun alli, ya ajiye a tafin Munkaila, ya ce to wannan na wane ne. Munkaila ya ce allin nasa ne, irin ne ba nasa ba.  Malam Inusa bai tambayi wanda ya yi ba. Mutumin da ya aurar da ɗiya cikin gida ya san wa ke kai ƙullaye kasuwa. Ya ce kawai kwana goma sun tafi, kuma tunkiyar ba ta dawowa.

A daren, kafin ya kai ga barci, ya kwance bakin tulun da ya ɓoye. Ranar kasuwar Galmi ya roƙi daraktan lakwal ya riƙe masa aji, ya ɗaure tulun a bayan wani babur na aro, ya je ya zauna inda masu iri ke zama. Duk wanda ya zo, ya gaya masa: wanda ya sayi ƙulli mai alli bana ba daga hannunsa ba, ya kawo ƙyallen ya karɓi wani irin, ya kashe abin da ya shuka. Aka taru. Wani ya ce Allah ya saka masa. Wani ya tofar da yawu ya ce da ma ƴan lakwal wayonsu ya fi na ƴan kasuwa, wa ya san ko na bara ma haka ne. Wani ya kawo ƙyalle uku alhali kowa ya san ɗaya ya saya, Munkaila ya auna masa na ukun. An tambaye shi sau ba adadi wa ya yi wannan aiki. Ya ce daga gidansa ya fito, ya tsaya nan. Kafin la'asar tulun ya koma fanko, yana buga shi yana amsawa. Na wajen Illela da Alela kuwa, waɗanda ba su zo kasuwar ba, suna can suna ban ruwa, za su ji labari a bazara daga bakin buhunansu.

Babbar garkar da ya karɓa aro ya mayar wa mai ita. Litinin ya koma aji.

A jikin katangar nan akwai ƴar ƙofa ta kwano da mahaifinsu ya bari lokacin da ya raba musu gidan, don kada ɗan'uwa ya zagaya ta waje kamar baƙo. Ta nan yara ke wucewa da kwanon tuwo, ta nan Alkasum ke shigowa kowace safiya ba tare da sallama ba, ya ɗauki makullin inji a ƙusa. Kwana shida ƙofar ba ta motsa ba. Ran na bakwai da hantsi, ranar da ba lakwal, Munkaila na wanke tulun sai ya ji ƙarar kwanon ƙofar. Alkasum ne, ƙafa ɗaya a ciki, da sabuwar riga, yana cewa gobe zai tafi Konni kan maganar motar, ya zo ne ya ɗauki makulli ya kai wa wanda zai riƙa ban ruwa, kuma ya ji an ce Yaya bai kama sunansa a kasuwa ba, ya gode. Can bayansa Suwaiba na tsaye da tsintsiya, idonta a ƙasa.

Munkaila ya ɗauraye hannu, ya je ya cire makullin daga ƙusa ya kawo masa har bakin ƙofar. Ya tsaya dab da shi, har sai da Alkasum ya janye ƙafar da ya shigo da ita.

"Ƙofar ba ni toshe ta, Baba ya bar ta," in ji shi. "Amma daga yau, in za ka shigo, ka yi sallama."