Maganin da ƙanwata ta adana

Aikina na ɗakin gwaje-gwaje bai taɓa shiga kan mutanen gidanmu na Gashua ba. Mukan ɗauki ƙwayar cuta ta bairos mu cire mata dafi, mu ɗora mata ɗan yankin gadon halittar ɗan'adam mai sarrafa sinadarin folet a jiki, sannan mu sake ta cikin ƙwayoyin jiki da muke reno a faranti, mu ga yadda za a kwashe. Da na yi wa Inna wannan bayani, cewa ta yi ashe duk karatun nan kiwon cuta na koyo, har ina yi mata lodi kamar jakin kasuwar Dapchi. Ban musa ba, don ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Ina cikin wannan aiki ƙanwata da ke aure a Nguru ta haifi ɗan fari ƙashin bayansa a buɗe. Bai kai ranar suna ba. Abin ya ci ni ƙwarai, domin na san folet na taimaka wa bayan jariri ya rufe, kuma a watan farko na ciki yake rufewa, tun mace ba ta tabbatar tana da ciki ba.

Bayan ta gama wanka na aika mata da maganin folet, na kira ta a waya na nanata cewa kullum za ta sha, da ciki ko babu. Ta ce to. Ƙanwata kuwa ba ta da gardama, ko ce mata ka yi kogin Gashua ya koma gudu baya, to za ta ce.

Da babbar salla na je Nguru. Tana miƙewa daga tabarma na ga cikin ya fito. Ni da muke waya kusan kullum, ko alama ba ta taɓa yi mini ba. A wajenmu ba a faɗin ƙaramin ciki, akwai kunya, akwai tsoron baki, balle ga wadda ta riga ta binne ɗaya. Ta ja ni ɗaki, ta buɗe akwati ta ɗauko kwalin daga ƙarƙashin zannuwa, ko ɓare shi ba a yi ba. Wai da surukarta ta ga tana shan maganin masu ciki, da gidan duka ya sani, shi ya sa ta adana shi sai cikin ya yi ƙwari.

Raina ya ɓaci, amma na rasa wanda zan yi wa faɗa. Tsoro kuma ya cika ni. Na ce gobe da ni za a je asibiti a yi hoton cikin.

Ta ɓallo ƙwayar maganin guda ɗaya tana murmushi. "Yaya, ai ban makara ba ko?"

Na ɗebo ruwa a randa na miƙa mata, na ce ta sha da bismilla.