Siririn Layin Mai Alƙalami

Faɗanmu na farko da Mai Alƙalami a kan taga ne. Ranar da na fara shara a maɗaba'ar na shiga ɗakinsa na ƙarƙashin bene, zafi kamar tanda, na bankaɗe tagar. Ya zabura kamar na taka masa jariri.

"Iya, ƙura! Tawadar ba ta bushe ba!"

"To kai ka bushe," na ce, "tunda ita ce mai numfashi."

Shekara ashirin da biyu tagar nan ba ta sake buɗuwa ba.

Aikinsa rubuta sunaye a takardun shaidar gama makaranta. Ni ko harafi ɗaya ban sani ba, amma na yi ɗinki da ƙuruciya, na san hannu mai kyau. Haruffansa gefe ɗaya kauri kamar turken rumfa, ɗaya gefen siriri kamar silin gashi, kowanne tsaye a kan 'yar ƙafarsa kamar ya sa takalmin fita unguwa. Yakan ce kaurin kowa ya iya, a siririn ake gane mutum.

Maigida, wato mai maɗaba'ar, ya sayo injin da ke buga irinsu, makarantu suka ce na hannu suke so. Abin da ya bar shi a kujerarsa ke nan, shi ne kuma ya ɗaure shi a kanta. Bai iya wata sana'a ba, ga 'ya'ya huɗu a gida.

Bara na lura yagaggun takardu sun yi yawa a kwandonsa. Na haɗa guda biyu na duba. Siririn layin ya karkace kamar sawun tsutsa. Masu karatu sunan suke karantawa su wuce, ni layi kawai nake gani.

"Ɗan nan, tun yaushe hannun ke rawa?"

Ya tura ƙofa ya rufe. Bai yi musu ba.

"Ka yi su masu kauri duka mana, ka ce sabon yayi ne."

"In siririn ya tafi, Iya, me maigida zai yi da ni?"

Tun daga nan da hagu yake riƙe wuyan hannun dama, ya ɗauke numfashi, sannan ya ja layi. Biyu su lalace, ɗaya ta fita. Ni kuma in cusa lalatattun a jakata in ƙona a gida, don maigida mutum ne mai leƙa kwandon shara.

Ciwon gwiwa ya ci ƙarfina, 'yata ta ce aikin ya isa haka. Ranar sallama na same shi ya zuba wa kwandon ido, ya kasa kallona.

Na ce, "Sabuwar mai sharar ta yi makaranta, suna za ta karanta, ba abin da za ta gani. Amma kwando ba ya riƙe sirri. Ka kawo mini rigarka gida in ɗinka maka babban aljihu ta ciki."