Dakan Ƙaiƙayi

Wa ke kai saƙo daga kunne zuwa ciki? Na tambayi malamai, na tambayi wanzamai, ga shi har haƙorana sun zube ban sami amsa ba. Rubuta yadda na faɗa, Malam. In ka ga hawaye, ƙyale ni, na saba.

Maigidana manomi ne a wani ƙauye kusa da Gagarawa. Daga Gumel aka kawo ni, shi ya sa har ya bar duniya 'yar Gumel yake ce mini. Cikinsa ya fi zakara sanin lokaci. Gonarmu a bayan gida take, to da na sa tabarya a turmi da hantsi zan yi dakan fura, sai cikinsa ya hau ƙugi tun daga tsakiyar gona. Ya shigo da fartanya a kafaɗa yana haɗiyar yawu.

"'Yar Gumel, tunda kin kira shi, sai ki sallame shi."

"Wa na kira, Maigida? Ni gero nake daka."

Sai ya shafa tumbinsa. "Wannan bawan Allah. Ya fi ni kunne, kafin in ji ya ji."

Fiye da shekara ashirin muna haka.

Bayan zuwan Nasara da 'yan shekaru, aka yi daminar da ruwa ya ɗauke gero bai fid da kai ba. Kafin bazara rumbunmu ya ƙare. 'Ya'yanmu maza biyu suka yi kudu neman abinci. Muka rage ni da shi, sai ganyen tafasa da 'ya'yan anza muke ci, sau ɗaya da yamma. Mutumin nan bai taɓa miƙa ƙwarya gidan wani ba. Ya ce gidan da turmi ya yi shiru asirinsa ya tonu. Don haka kullum da hantsi sai in zuba ƙaiƙayi a turmi in yi ta daka, maƙwabta su ji muna nan da rufin asirinmu.

Maƙwabta sun yarda. Cikinsa ma ya yarda. Da tabarya ta sauka sai cikin ya tashi neman furarsa, bai samu ba. Maigidana ya dafe ƙahon zuci ya dunƙule a tabarma, ruwa mai tsami yana taso masa har maƙogwaro. In jiƙa masa kanwa, ya ɗan lafa, gobe ya dawo.

Wani tsohon wanzami daga wajen Sule Tankarkar ya biyo ta garinmu yana yawon sana'arsa, na roƙe shi ya shigo. Ya danna cikin, ya tambayi lokacin da ciwon ke tashi. Na ce da hantsi. Ya leƙa turmina, ya ga abin da ke ciki, ya kawar da kai. Allah ya saka masa, bai faɗa wa kowa ba.

Ya ce, "Baiwar Allah, ciki kamar matar kirki yake. Da ya ji motsin baƙo sai ya hura wuta ya ɗora tukunya. Ke kuwa kullum kina sa shi ɗora tukunya ba ruwa. Tukunyar ce ke ƙonewa."

Ranar na kife turmi. Kwana uku ciwon ya yi sauƙi, har ya zauna ya yi mini tsiya wai na rame kamar karan dawa. A na huɗu maƙwabciyata ta yi magana ta bayan zana.

"Maƙwabta, lafiya kuwa na ji ku shiru?"

Kafin in buɗe baki ya riga ni. "Lafiya lau! Hannu ne ya ɗan dame ta, ya warke."

Da ta tafi ya ce in tayar da turmi. Na ce ba zan yi ba. Ban taɓa yi masa musu ba sai ranar. Ya ce, "Ciwon ciki nawa ne ni kaɗai. Abin kunya kuwa har jikokinmu sai an yi musu gori."

Na tayar. Da hannuna na tayar, Malam, rubuta wannan.

Sai bayan an binne shi matar nan ta gaya mini, ranar da ta yi tambayar tana riƙe da ƙwaryar gero za ta ba mu, daga cikin wanda ɗan'uwanta ya kawo mata daga Damagaram. Da ta ji daka ya dawo, ta ce ashe ba mu da bukata.

Ciwon ya dawo ya fi na da. Ya fara aman jini, ko ruwan kanwa ba ya zama. Ranar ƙarshe na yi dakana ina kuka, ina kasa kunne in ji nishinsa. Ban ji ba. Na yar da tabarya na shiga ɗaki da murna, a zatona sauƙi ya samu. Na tarar da shi kwance, ya miƙe sosai, idonsa biyu. Ya kama hannuna ya ɗora a kan cikinsa. Ba ƙugi, ba motsi.

Ya ce, "Kife turminki, 'yar Gumel. Yau kin kira, bai amsa ba."